Ranar da Wuta ta Ƙwace wa Mika

Mika ɗan Zuru ne, ya shiga aikin kashe gobara tun kafin a cire Kebbi daga Sakkwato. A kafaɗar rigarsa akwai jan bajo mai gatari biyu a gicciye, hular kwano a sama, harshen wuta a ƙasa. Ogansa na farko ne ya ɗinka masa shi da hannunsa. An sha sauya musu kaki, amma duk rigar da ta mutu sai Mika ya farke bajon ya mayar kan wata.

Shi ake turawa makarantu da coci-coci don wayar da kan jama'a game da gobara. Yakan dafa bajon kafaɗarsa ya ce, "Gatari na fasa ƙofa ne. Hula kuwa, tsare kanka kafin ka ceci wani. Kun ga wutar a ƙasa take? Can ne wurinta, kada a bari ta hau."

Yana da 'yar gona a hanyar Mahuta. Wata Asabar bayan girbi ya je sharar gonar, da rigar aiki a jikinsa. Rana ta take, ya gaji da tara kara, sai ya ƙyasta ashana ba tare da ya share gefe ba. Iska ta juya. Wutar ta tsallaka gonar maƙwabciyarsa Magdalene, matar wani soja da ya rasu, ta kama dawar da ta jibge ba a sussuka ba.

Abokan aikinsa ne suka zo da mota suka kashe sauran. Lukuman, direban da Mika ya koya wa aiki, ya ce, "Baba Mika, wane marar hankali ne ya sa wutar nan?"

"Ni ne," in ji Mika, idonsa a ƙasa.

Magdalene ta iso a guje. Ta dubi toka, ta dubi kafaɗarsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ba kai ka zo cocinmu ka hana mu ƙona gona ba?"

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya loda dawarsa a amalanke ya kai mata. Ta karɓi rabi, ta ce ya koma wa iyalinsa da saura.

Bara ya yi ritaya, yanzu awaki yake kiwo. Ranar kasuwa in sun haɗu, Magdalene ce ke fara gaishe shi. Yakan amsa da sauri, ya kauce ta layin masu doya.