Ranar da Baba ya ƙi cewa mu kaɗan ne

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, masunci a wani ƙauye da ke gefen Argungu. Allah ya jiƙansa. Ni ba mai dogon karatu ba ne, amma bana na kasa yin shiru.

Mu Sarkawa ne, sana'ar kamun kifi muka gada. Muna da tafki guda da kakanni suka bar mana. Kowace shekara Baba yakan rufe shi wata huɗu, ba mai jefa homa, don kifi ya hayayyafa. Da noman rani ya bunƙasa, sai manyan manoman shinkafa suka fara kafa injuna a bakinsa suna janye ruwan.

Shekara biyu kafin rasuwarsa muka ji cewa wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta zo Birnin Kebbi daga ƙasar waje, tana neman ƙananan al'ummu da ake dannewa. Baba ya tashi zai kai musu kukanmu, na raka shi. Wata baƙuwa tana tambaya, tafinta yana fassarawa. Harshenku? Hausa. Addininku? Musulunci. Sai ta ce, to ku 'yan tsiraru ne?

Baba ya gyara zama. Ya dubi tafinta ya ce, "Tsiraru? Ɗana, gaya mata mu da yawa muke. Daga nan har Yawuri, har cikin Nijar, duk dangina na."

A wurinmu abin kunya ne mutum ya ce danginsa kaɗan ne. Ita kuwa ta ja layi a takardarta. Abokin aikinta ya musa mata, suka daɗe suna gardama da Turanci. Tafinta ya ce mana abokin aikin nata yana ganin duk wanda ba a jin muryarsa ya cancanta, ita kuma tana ganin sai mai harshe ko addini na daban. Ya ce can ƙasashensu ma ba a gama wannan muhawara ba. Aka ba mu lemo, muka dawo.

A mota Baba ya tambaye ni, "Mi na faɗi ba daidai ba?"

Yau da zai leƙo, ban san me zai ce ba. Gidajen masunta sun watse, wasu sun koma acaba a Ambursa, wasu dako a kasuwa. Bara na koma Birnin Kebbi da takardar koke. Wani ma'aikaci mai kirki ya ce mini har yanzu ba a daidaita kan ma'anar kalmar tsiraru ba, in ƙara haƙuri. Ruwan tafki kuwa ya dawo iya gwiwa, sai gurbi ɗaya mai zurfi inda giwan ruwa ke ɓuya da rani.

Abin da ya rage mini na Baba shi ne sanin ruwan nan. Na san inda yake da zurfi ko idona a rufe, domin shi ya nuna mini. Wannan sanin ne ma ya sa mai gonar da ke gabas da mu ya aiko, yana son in nuna wa ma'aikatansa inda za su zura tiyo, in kuma riƙa kula masa da inji. 'Ya'yana biyar, rabon gidana da miyar kifi tun kaka.

Na ce masa sai na yi shawara. Ba ni da wanda zan yi ta da shi. Ranar Asabar za su kawo injin, kuma na san zan je.