Kujerar Zakiya a Jirgin Shata

Duk wanda ya saba bin layin masu gyaran firiji a unguwar Nuzla bayan la'asar, ya san hayaƙin Hussaini kafin ya san fuskarsa. Tsire yake yi, wanda mutanen Jidda ke cewa sire, kuma tukubar gadonta ya yi. Mahaifinsa daga ƙasar Gobir ya taso da ƙafa zuwa Hajji, ya yi shekaru a hanya, ya haye teku ta Sudan, bai sake waiwayar gida ba. Shi Hussaini a Jidda aka yanke masa cibiya, da takardar ƙasa ya tashi. Larabci yake yi da kowa, Hausa kuwa ya bar wa cikin gida da tsofaffin abokai.

Nama nasa ne, wuta tasa ce, amma yaji na matarsa Zakiya ne. Tun suna amarya da ango ita ke daka ƙuliƙuli da citta da kanumfari da masoro, ba mudu ba ma'auni, hannunta kawai. Mutane har daga Sharafiyya suke zuwa saboda yajin nan. Mace ce mai ji da kanta, ba ta son a gyara mata magana, ba ta son a riƙe mata hannu wajen tsallaka titi. Da tsiren nan suka yi wa 'ya'yansu biyu karatu: Saif yana aiki a Dammam, Bayan kuwa tana aure a unguwar Madain Fahd nan Jidda, tana aiki a kantin magani.

A yajin abin ya fara nunawa. Wata rana wani mai saye ya kai loma ɗaya ya tsaya, ya ce, "Ya Ammi, baffana, yau sire da sukari?" Hussaini ya ɗanɗana, ya yi dariya ya ce kuskure ne. Da ya koma gida bai ce mata komai ba. Bayan 'yan makonni ta zuba gishiri sau biyu. Sai ranar da ta fita sayen burodin tamis, ya jira har shayi ya huce, ya bi sawu ya same ta tsaye a bakin layinsu, burodi a hannu, tana kallon gidaje ɗaya bayan ɗaya kamar baƙuwa. Da ta gan shi ta ce, "Sun canza fentin unguwar nan." Ba wanda ya canza komai.

Daga nan ya koma haɗa yajin da kansa, a ɓoye. Ya daina barin ta fita ita kaɗai, kullum da dalilin da zai kawo. Ga 'ya'yan kuwa ya ja bakinsa ya rufe. Ya san Bayan. In ta ji, asibiti za a fara, daga asibiti sai ta ce Ummi ta dawo wurinta a bene hawa na huɗu, inda ba maƙwabciyar da ta sani. Kuma ya san Zakiya: gara mata mutuwa da a riƙa yi mata kallon tausayi.

Ana cikin haka 'ya'yan suka haɗa kai suka yi musu kyauta. Bayan ce ta zo da labarin wata Juma'a, tana ta murna. Jirgin ruwa ne na shaƙatawa, irin mai kama da unguwa guda, zai yi mako yana zagaya tsibirai. Daga Jidda za a kwashe su a jirgin sama zuwa garin da zai tashi.

"Tun da kuka yi aure ba ku taɓa zuwa ko'ina ba sai Makka da Madina," in ji ta. "Halas, Baba, ba musu. An riga an biya."

Zakiya tana gefe tana murmushi. Ran nan lafiyarta lau, har da tsokanar Bayan kan ta rame.

"Saura abu ɗaya," in ji Bayan, tana duba wayarta. "Kujeru. Jirgin shata ne, kamfanin ya ɗauke shi takanas don masu zuwa jirgin ruwan. In kuna so ku zauna gefen juna, sai an yi hajzi, wato a kama kujera tun da wuri, a biya daban. In ba a biya ba, duk inda na'ura ta jefa mutum. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce, wai in an je da wuri ana haɗa miji da mata. In kama muku?"

Ta ɗago ta dube shi, kallon ya ɗan daɗe. Hussaini ya buɗe baki zai yi magana. Amma Zakiya ta riga shi.

"A biya kuɗin zama? Ni yarinya ce da zan ɓata a cikin jirgi?"

"Kin ji," in ji Hussaini. "Bar shi. Kun yi ɗawainiya da yawa."

Bayan ta ce, "Tayyib," ta ajiye wayar.

Maganar ba ta bar shi ya sake ba. Ya kai ta wurin Abdulghaffar, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya tsufa yana tura kaya a filin jirgi. Bai faɗa masa dalili ba, tambaya kawai ya yi.

"Ka biya," in ji Abdulghaffar. "Jirgin shata ba kamar sauran ba ne. Cike yake tashi, kuma kowa da iyalinsa. Wanda ya biya don ya zauna da matarsa, kai ne zai tashi ya ba? Na ga ana kuka a bakin kantar da ake raba kujeru, wallahi."

Sau biyu Hussaini yana ɗaukar waya zai kira Bayan. Duk sau biyun sai ya tuna za ta ce, me ya canza, Baba? Ya ajiye. Ya ce a ransa, sammako zai yi, ai Allah na nan.

Ranar tafiya sun isa tun ba a buɗe kanta ba, su ne a gaban layi. Ma'aikacin ya daɗe yana kallon na'urarsa, sannan ya ce kusan duk kujerun an kama su tun makonni, abin da ya rage ɗaiɗai ne a warwatse. Ya ba Zakiya ta tsakiya can wajen gaba, Hussaini kuwa a ƙarshen jirgi, kusa da banɗaki.

"Ku roƙi wani a ciki," in ji shi. "Yalla, na baya."

A ciki ya roƙa. Ta gefen taga wata yarinya ce da mahaifinta ya zaunar don ya riƙa ganinta daga bayanta, ya ce a yi haƙuri. Ta gefen hanya wata mata ce mai suna Nuha, 'ya'yanta na tsallaken hanya, ita ma ta ba da haƙuri cikin ladabi. Mutane sun taru a bayansa da jakunkuna. Zakiya ta ja hannun rigarsa.

"Abu Saif, kana ba ni kunya. Je ka zauna."

Ya ɗaura mata bel, ya tafi.

Daga inda yake, in ya miƙa wuya, yana hango saman mayafinta, ruwan toka, tsakanin kawuna. Jirgi ya tashi, Jidda ta koma ƙasa, teku ya maye gurbinta. Mayafin na nan. Aka kawo abinci, keken ya tare hanya, ya kasa wucewa. Aka kwashe, mayafin na nan. Har ya fara cewa a ransa Abdulghaffar tsoro ne da shi.

Sai jirgin ya shiga gargada. Fitilar bel ta kama, aka ce kowa ya zauna. Kofuna suka yi ta karkarwa, wani jariri ya tsala kuka. Hussaini ya runtse ido yana salati. Da ya buɗe ya miƙa wuya, babu mayafi.

Ya kwance bel. Ma'aikaciyar baya ta ce ya zauna, bai ko ji ta ba. Ya bi hanya yana dafa kujeru, jirgi na jefa shi hagu da dama. Kujerar Zakiya wayam. Can gaba, a bakin ƙofar da suka shigo, ya hango ta tsaye, jaka a kafaɗa, tafin hannunta a kan ƙofar. Ma'aikatan jirgi biyu sun sa ta a tsakiya, Nuha na riƙe da gefen abayarta.

Hausa take yi musu, tsohuwar Hausa irin ta mahaifiyarta, wadda Hussaini ya yi shekaru bai ji a bakinta ba.

"Ku ce wa direba ya tsaya. An wuce da ni. Inna na jirana, ta ce kar in kai magariba."

Innar nan ta rasu tun Bayan na goye.

"Zakiya," in ji shi. "Zo mu zauna."

Ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa. Babu fushi a idonta, babu tsoro. Ta gyara mayafi ta rufe rabin fuska, yadda take yi wa baƙon namiji, ta matsa jikin Nuha.

"Baiwar Allah, wannan tsohon ya san sunana. Wane ne?"

Nuha ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta rungumo kafaɗarta tana cewa, "Ta'ali, ya khala, ta'ali," wato zo, gwaggo, zo, ta lallaɓa ta har kujera. Yanzu kowa na son ya tashi ya ba shi wuri. Mahaifin yarinyar ma ya miƙe. Amma duk sanda Hussaini ya matso, sai Zakiya ta ƙanƙame hannun Nuha. Dole ya zauna a layin bayanta, yana kallon ƙeyarta ta tsakanin kujeru har aka sauka.

A wurin ɗaukar kaya ta dawo. Ta waiwayo ta ce, "Abu Saif, ka ga yadda ka yi zuru-zuru? Jirgi ne bai karɓe ka ba?" Ba ta tuna komai ba.

Motoci suka kai su tashar jiragen ruwa. Hussaini ya tsaya da akwati yana kallon jirgin: hawa kan hawa, ƙofofi iri ɗaya ba iyaka, kowane hawa da baranda, ƙarƙashin baranda ruwa. Mutane na ta ɗaukar hoto. Ya zaunar da ita a inuwa, ya koma gefe inda yake ganinta, ya kira Bayan. Ya faɗa mata duka, tun daga sukarin.

Ta fashe da kuka. "Na sani, Baba. Rannan ta kira ni da sunan ƙanwarta har sau uku. Na ɗauka in na tambaye ka kujerun za ka faɗa mini. Da ka ce a bari, sai na ce ƙila ni ce nake zargi."

Ba su hau jirgin ruwan ba. Saif ya biyo jirgin sama washegari ya dawo da su, uwar a tsakiyarsu.

Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ba da magani, ya ce yana rage gudu ne, ba ya tsayarwa. Bayan ta so ɗauke ta, Hussaini ya ƙi, aka yi ta ja har aka tsaya a kan wata maƙwabciya za ta riƙa zama da ita in ya fita. Ya rage kwanakin tsire. Ya sa kafinta ya ƙara sakata a can saman ƙofa, inda hannunta ba ya kaiwa.

Yawancin ranaku tana gane shi. Takan yi masa faɗa kan ya bar takalmi a hanya, shi kuwa ya ji daɗin faɗan kamar an yi masa kyauta. Amma kwanan baya, da hantsi, ranar da maƙwabciyar ba ta samu zuwa ba, ya dawo daga mahauta da nama a leda, ya sa makulli ke nan, sai ya ji muryarta ta tagar kicin, ƙasa-ƙasa, tana kiran wata mata mai wucewa.

"Baiwar Allah, tsaya. Akwai wani mutum da ke kulle ni a gidan nan. Yana da kirki, ban ce ba shi da kirki ba. Amma in kin ga mijina, mai tsire ne a bakin layi, ki ce masa ya zo."