Ƙwarin da Ɗansa Ya Bari

A kasuwar dabbobi ta Bangkok, Wanphen tana kallon wani dattijo rungume da akwatin roba. A cikin ruɓaɓɓen ganye akwai ƙananan ƙwarin kogo masu sulke.

"Kawu, sayarwa za ka yi, ko goyonsu ka zo yi?" in ji wata mai rumfa.

"Na marigayi ɗana ne. Tufafinsa na kai su haikali sadaka. Waɗannan in na sake su don lada, bushewa za su yi. Saboda kula da su, shekara guda ban kwana waje ba."

Mai rumfa ta kama akwatin. Ya ƙi saki.

Wanphen ta san wannan riƙon. Takalman marigayiya 'yarta suna bakin ƙofa har yau.

Dattijon ya fesa wa ƙwarin ruwa, ya sayi ganye, ya juya gida da su.