Firjin Zdravko

Shekara talatin maƙwabcina Zdravko yana kunna fitila a lambunsa, ƙwarin faɗa-wuta su taru su ɓuya cikin kwalayen ƙwai da ya ajiye musu. Da safe yakan sa su cikin kwalabe a firji su natsu, sannan ya ɗauki hotonsu. Matarsa Tsveta ke rubuta sunayen, tana masifa: "Kai tsoho, ƙwarinka su tsaya ƙasa, sama wurin cukuna ne!"

Bara ta rasu. 'Ya'yansu suna Jamus, ko waya sai sun ga dama.

Jiya na kai masa miya, na buɗe firjin. Kwalaben ƙwari sun cunkushe a ƙasa, sama kuwa wayam.

"Baba Zdravko, ga fili a sama!"

"Bar nan," in ji shi. "Tsveta ba ta so."