Iya Dosi Tana Ƙarƙashin Siminti

Ranar Litinin suka zo da bokitin jan fenti, su biyu, ɗaya da hular kwano ɗaya da littafi. Ko sannu babu, suka zabga wa bangon gidan abincin Tanti Medese ƙaton kuros, fenti na dalala har ƙasa kamar an yanka akuya a jikin bangon. Suka ce Juma'a katafila za ta iso.

Duk layin bakin ruwa na Porto-Novo ba wanda bai san wannan jan ba. Wai titi za a faɗaɗa, a yi otal-otal da wurin shan iskar masu kuɗi. Mai farfesun kaguwa ta tafi. Gidan rawar da iyayenmu suka yi zance a cikinsa ya tafi. Mashayar Papa Anani ma ta tafi, kuma tasa ce ta hana Tanti Medese cin abinci, don da katafila ta kafa haƙori a ɗakinsa na baya sai ta tono kakansa. Kafin ya iso da gudu an loda tsohon a tifa tare da ɓaraguzai an je an cike fadama da shi. Har yau Anani yana can yana tsokanar taɓo da sanda.

Ita kuwa Tanti, uwarta ce a ƙasa. A wajenmu babba ba ya kwana a maƙabarta cikin baƙi, a ɗakinsa ake haƙa masa a shafe da siminti, a ci gaba da zama tare.

Tanti Medese gajeruwa ce, baki kamar reza, shekararta hamsin da takwas, kuma in ka cire shekara uku da ta yi da wani direba da ya gudu Gabon, duk a gidan nan ta yi su. Tana shekara bakwai uwarta Iya Dosi ta zaunar da ita naɗe agidi a ganye. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta kalli idon kifi ta gaya maka ranar da aka kama shi. Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Iya, kuma kullum safiya, kafin ta sayar wa kowa, sai ta shiga ɗakin baya ta ajiye agidin farko a lungun firiza, ta ɗiga sodabi, giyar nan ta kwakwa mai ƙona maƙogwaro, ta ce, “Iya, mun buɗe.”

Ranar da aka shafa fentin, ta bi mai littafin har bakin titi tana ce masa akwai mutum a ciki. Ya ce shi bango aka aiko shi, ba matattu ba.

To a tono ta mana, ko? Ai nan gizo ke saƙar. Mace ba ta fara sara a kan kabarin uwa, sai ɗa namiji. Ɗa namijin kuwa ɗaya ne, yayanta Fofo Gbenu, wanda ya shiga wani coci mai farar riga ya ce zuba wa matattu giya aikin shaiɗan ne. Shekara tara ba sa ga maciji.

Laraba ta haɗiye girman kanta ta je. Ta same shi yana goge farar rigar.

“Fofo, sara ɗaya kawai. Ka sara ka tafi, ko hannunka ba zai yi datti ba.”

“Iya tana hannun Ubangiji, ba ta ƙarƙashin firizarki.”

“To Ubangijin zai hana tifa ne? Nonon da ka sha har kana gudu da ƙafarka, shi za a cike fadama da shi!”

Ya juya rigar ya ci gaba da guga.

Alhamis da safe ta ɗauko masu haƙar rijiya biyu. Papa Zinsu, tsohon ɗan acaɓa da ya fi shekara ashirin yana zama a tebur ɗaya jikin bango, ya karɓi digar don ya yi saran farko.

“Ta ciyar da ni tun ina da gashi, ai ni ma ɗa ne. Iya, ki yi haƙuri, ɗan aro ne.”

Aka ja firiza, aka fasa siminti. Suka haƙa har gwiwa, har ƙugu, har ƙirji. Yashi. Sai ruwa ya fara tsattsafowa. Ko tsumma babu, ko ɗan yatsa babu.

Tanti ta zauna a bakin ramin. Wa ya ɗauke Iya? Ko ita ce ta tashi ta tafi don fushi? Shekara ashirin da biyu wa take ciyarwa? Kuma daga can ƙarshen layi kana jin katafila tana tauna gidan tela, kwanuka na kaɗawa a kan kantar abinci su kaɗai.

Juma'a rana ba ta gama fitowa ba Papa Zinsu ya tayar da tsohon babur ɗinsa. Me ya gaya wa Fofo Gbenu, oho. Wasu sun ce zaginsa ya yi tun daga kaka har jika a ƙofar coci. Sai dai ga shi ya dawo da shi a baya, farar riga na kaɗawa.

Fofo ya leƙa ramin, ya kalli ƙanwarsa.

“Wa ya ce miki nan ne?”

“Nan ne tabarmarta take!”

“Kin ga lokacin da aka sa ta?”

Ba ta gani ba. Tana da tsohon ciki a lokacin, mai ciki kuwa ba ta leƙa kabari, gidan gwaggo aka kai ta. Kafin ta yi arba'in ta dawo, Fofo ya matsar da bangon ɗakin don wurin cin abinci ya ƙara faɗi, ya shafe ko'ina da siminti ɗaya. Ita kuma, uwar sani, ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Ya tsaya inda tsohuwar ƙofa take, ya taka ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya tsaya daidai kan teburin Papa Zinsu.

Zinsu ya dafe kai. “Wayyo ni! Shekara ashirin ina zaune a kan Iya ina sakin iska?”

Ba wanda ya yi dariya, don katafila ta riga ta juyo, inuwarta ta rufe ƙofa. Direban, wani ƙato mai tawul a wuya, ya leƙo ya ce a fita.

Tanti ta share fuska da bakin zani. “Ɗana, ka karya kuwa?”

Bai karya ba. Ta zaunar da shi a waje a kan benci, bayansa ga ƙofa. Ta zaɓo kifin da ya fi kowane ƙaya, ta soya shi a hankali kamar mai jiran baƙo daga Makka, ta yanka tumatir da albasa da barkono. Mai ya fallatso mata, ba ta ma ji ba. A ciki Fofo ya tuɓe farar rigarsa ya rataye, ya ɗaga diga ya sara. Ba ɗaya ba, shi ya yi ta sara har masu rijiya suka ƙwace.

“Tanti, na ƙoshi,” in ji direban.

“Ka ƙoshi a gidan wa? Ga kai nan, namiji ba ya barin kan kifi.”

Ta ƙara masa agidi. Ta ƙara kifi na uku. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, tana jin muryar ogansa tana faɗa. Ya miƙe yana wanke hannu, ita kuma ba abin da ya rage a kasko.

Sai Fofo ya kira ta daga ciki, da muryar da ba ta ji ba tun suna yara. “Medese. Kawo zani.”

Jigidar Iya ce ta fara fitowa, shuɗiya, sannan sauran. Suka tsince ta kaf a sabon zani, Fofo yana tace yashi da yatsu kada a bar ko haƙori. Ba akwati, sai babban bahon da ake wanke kifi. Suna fitowa da shi ta baya, bangon gaba ya zube.

Kwalekwale suka hau zuwa ƙauyen su Iya a tsallaken ruwa. Tanti ta rungume bahon a cinya, ba ta waiwayi gidan ba ko sau ɗaya. Mamaci ba ya bin ƙashinsa sai ana kiransa, shi ya sa take ɗiga sodabi a ruwa tana cewa, “Iya, taho. Iya, ga hanya.” Amma matar da aka bari da yunwa shekara ashirin da biyu, ana ajiye abincinta taku huɗu daga bakinta, za ta amsa kuwa? Muryar Tanti ta dishe a tsakiyar ruwa, kwalbar ta kusa ƙarewa, gaɓa kuma da saura.

Fofo Gbenu ya daɗe yana kallon kwalbar. Can ya miƙa hannu ya karɓa, ya ɗiga, ya ce, “Iya, ni ne Gbenu. Taho.”