Ba Ragi Za Ta Rufe Shago

Kullum kafin in shimfiɗa tabarmata a ƙofar gida, matar nan da muke kira Ba Ragi ta riga ta buɗe shagonta na zane-zane, tana bin firam ɗin hotunan ɗaya-ɗaya da tsumma. Ni ba gulma nake yi ba, shagon ne ke kallon ƙofata.

Tun gashinta na baƙi take sayar wa masu zane aikinsu. Sharaɗinta ɗaya ne: farashin da ke bangonta shi ne farashin ko'ina. In mai saye ya ce, "Hajiya, a duba mana," sai ta ce, "Yallaɓai, kai dai duba zanen."

To, su masu zanen fa? Baƙo zai shigo ya sha shayinta, ya karanta sunan da ke gindin zane, ya zarce gidan mai shi. Can a ba shi a rabin kuɗi, har da rakiya. Ƙaninta ma mai zane, ciki ɗaya, haka ya yi mata. A kan idona ta sauke zanensa kaf ta jingine a waje.

"Yaya, hidimar yara ce ta matse ni," in ji shi.

"Da ka zo ka faɗa mini. Wanda ya saya a hannuna bara fa? In ce masa cutarsa na yi?"

Mutumin baran kuwa ya ji labarin rabin kuɗin, abokansa ma suka ji, suka ɗauke ƙafa. Jikata mai yawon garuruwa ta ce yanzu duk ƙasar haka take, ba mai sayen zane, kowa jira yake yunwa ta kama mai shi ya karyar.

Ba Ragi, ke ce kika sa masu kuɗi suka daina taya aikin yaranmu kamar tsohon takalmi, mace mai magana ɗaya. Ga shi ƙarshen wata za ki miƙa makulli, mai sayar da waya zai shiga.

Jiya ƙanin ya dawo a rame, da zane naɗe a hammata. Ta karɓa ta rataye, ta faɗi farashin da.

"Yaya, wa zai saya haka?"

"Babu," ta ce. "Amma har in rufe, darajarsa ke nan."

Mun gode, Ba Ragi, Allah ya saka miki. Ku kuma masu zane, in da sauran irinta a garinku, ku koyi magana ɗaya tun tana da bangon rataya muku.