Yankan da Kabo Wanzami Ya Ƙi Yi

Shekara arba'in Kabo yana yawo da zabirar askarsa tsakanin Yashe da Ƙofa. Ni maƙeri ne, ni nake wasa masa asake. Ba shi da surutu. Zai zo, ya ajiye, ya zauna har in gama, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya tafi. Rabin mazan Yashe shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya. Har da Umar mai acaba, har da ɗan Umar ɗin, Kamalu.

Kamalu ya shekara huɗu bai ce uffan ba. A kira sunansa, ba ya waiwayowa, amma injin niƙa na tashi a bayan gari sai ya toshe kunnuwa ya hau ihu. Yini yake yana jera totuwar masara a gindin katanga. Kaza ta ture guda, gidan ba zaman lafiya sai la'asar.

Iyayen suka shiga neman dalili. Aka ce uwarsa Sumaiya ta cika zuwa rafi da tsohon ciki. Aka ce allurar rigakafi ce. Aka ce wayar da ake ba shi yana kallo. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Sumaiya ta goya shi har asibiti a Kankia. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta ce lalura ce da ake kira galahanga, da ita ake haihuwar yaro, ba laifin kowa ba ne, sai koyarwa a hankali da haƙuri.

Umar bai karɓi wannan ba. Ciwon da ba mai laifi bai zauna masa a kai ba.

Uwar Umar, Iya Tani, ita ta samo mai laifin. Ta ce harshen yaron a ɗaure yake, ɗan siririn naman nan na ƙarƙashi, kuma wanzamin da ya yi askin suna shi ya kamata ya gani ya yanke tun ranar. Aka aika wa Kabo.

Ya zo da hantsi. Bai buɗe zabira ba. Ya ce a ba shi zuma, ya shafa wa yaron a leɓen sama. Kamalu ya zaro harshe ya lashe tas, har ya taɓo gindin hanci.

"Tani, kin gani da idonki," in ji Kabo. "Harshen wanga yaro ya fi naki tsawo, kuma naki duk Yashe an san shi."

"Tsufa dai ya ci maka ido," ta ce. "Ka yi ɓarna tun yana jinjiri, yanzu kunya ta hana ka gyara."

Umar ya durƙusa. "Baba Kabo, ɗan tsagawa kaɗan. Ko bai yi amfani ba, mi za a rasa?"

"Jini za a rasa. Kai Umaru, ni na aske ka. Ban taɓa sa aska inda ba ciwo ba, ba kuwa a kan ɗanka zan fara ba."

Ya rataya zabirarsa ya fita. Sumaiya ce kaɗai ta raka shi zaure.

Kafin sati, magana ta zagaya gari cewa Kabo ne ya bebantar da ɗan Umar. An yi suna uku a Yashe a watan, ba wanda ya kira shi. Ya zo maƙera duk da haka, na wasa asaken da ba su dakushe ba.

Ranar kasuwar Kusada, Umar ya ɗauko wani wanzami a bayan babur, baƙo, wanda ba a tambayi ko daga ina ya koyi aikin ba. Aka tura Sumaiya ɗiban ruwa. Maza uku na gidan suka danne yaron, aka sa masa kara a baki. Baƙon ya yanka, ya zarce. Da ya ga jinin ya ƙi tsayawa, ya ce zai sawo magani a bakin titi. Ba a sake ganinsa ba.

Sumaiya ta dawo, ta saki tulu, ta fita da gudu ba mayafi. Gidan Kabo ta je.

Ya zo. Ya cusa tsumma mai tsabta, ya danne da yatsa, yaron yana cizonsa har ƙashi, bai cire ba. Ya ce wa Umar, "Tada babur." Haka suka tafi Kankia, Kabo a baya, rungume da Kamalu, yatsarsa a bakin yaron. Aka yi ɗinki. Yaron ya rayu. Ya yi kwana tara ba ya cin komai sai koko ta cokali, kuma har yau in namiji ya shigo gidan, ƙarƙashin gado yake shiga.

Ba wanda ya ga baƙon sai mutanen gidan. Kabo kuwa duk gari an gan shi a bayan babur, rigarsa jina-jina. Don haka aka ce shi ya yanka. Umar bai ƙaryata ba. Iya Tani ma ta ƙara da cewa hannun Kabo rawa yake.

Na ce wa Kabo ya je gaban mai gari ya faɗi gaskiya. Ya ce in ya faɗa, Umar za a kama, wa zai ci da yaron?

Bana Kabo yana aikin ƙodago a gonakin mutane a Ƙofa. Yatsar ba ta lanƙwasuwa.